BABI NA HUƊU: DA'IRA DA AJIZANCI A ZUBIN TAGULLA NA ZAMANI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin sana'ar ƙira a ƙasar Gwandu, da yadda ta rabu gida biyu, wato ƙirar baƙi da ƙirar fari. Wannan babi zai ɗauki ayyuka biyu na zubin tagulla na zamani ya yi musu tarke. Na farko shi ne Anyanwu, aikin Ben Enwonwu ɗan Nijeriya. Na biyu kuma shi ne Sfera con Sfera, wato Ƙwallo Cikin Ƙwallo, aikin Arnaldo Pomodoro ɗan ƙasar Italiya. An haɗa su ne saboda dukkansu da tagulla aka zuba su, dukkansu suna magana a kan juyawar zamani, kuma kowannensu yana da kwafi a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Amurka. Nijeriya ta ba da nata a 1966, Italiya ta ba da nata a 1996.

Tambayar da babin zai amsa ita ce: shin mutumin Dodoru ko na Kalgo, wanda bai taɓa shiga gidan adana kayan fasaha ba, yana da ma'aunin da zai auna irin waɗannan ayyuka da shi? Ra'ayin wannan nazari shi ne yana da shi, kuma a bisa wannan ma'auni aikin da ya yarda ya nuna tsagarsa ya fi wanda ya ɓoye ta cika gaskiya.

4.1 Ma'aunin Tarke

4.1.1 Tagulla da Yadda Ake Zuba Ta

Kalmar tagulla a bakin Bahaushe ta haɗa ƙarafa fiye da ɗaya. Akwai wadda ake samu idan aka haɗa jan ƙarfe da kuza, akwai kuma wadda ake samu idan aka haɗa shi da tutiya. Masu fasahar zamani sun fi amfani da ta farko, saboda tana bin kowane lungu na mazubi idan ta narke, kuma tana jure rana da ruwan sama.

Tagulla ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A 1353 Ibn Baɗɗuɗa ya ziyarci Takedda, a cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, ya ba da labarin sandunan jan ƙarfe da ake fita da su zuwa Borno da wata ƙasa da masana da yawa suka ɗauka Gobir ce. Haka kuma a kusheyin Durɓi ta Kusheyi da ke kusa da Mani a Jihar Katsina, waɗanda aka tona a 1907 aka sake tonawa a 1992, an sami mundaye da tasoshin tagulla da aka ƙiyasta shekarunsu tsakanin ƙarni na 13 da na 16.

Hanyar zubin da maƙeran fari suka gada ita ce ta kakin zuma. Maƙeri zai murza kaki ya fitar da siffar abin da yake so, ya lulluɓe shi da yumɓun da aka kwaɓa da kashin jaki, ya bar 'yar ƙofa. Idan yumɓun ya bushe sai ya gasa shi, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. A cikin wannan gurbi ake zuba narkakkar tagulla. Bayan ta huce sai a fasa yumɓun a fitar da abin, a bi shi da magagari. Abubuwa uku ne suka biyo bayan wannan hanya, kuma dukkansu suna da muhimmanci ga tarken da ke tafe. Na ɗaya, tunda sai an fasa mazubi ake ganin aiki, babu mundaye biyu da za su fito iri ɗaya sak. Na biyu, maƙeri ba ya sanin abin da wuta ta yi masa sai bayan ya fasa. Wani lokaci iska takan maƙale ta bar ɗan rami, wani lokaci ƙarfen ya huce kafin ya kai ƙarshen gurbi. Na uku, abin da ya lalace ba a jefar da shi, sai a mayar da shi wuta ya narke ya sake zama wani abu. Ke nan a cikin sana'ar kanta akwai juyawa, akwai kuma aibin da ba a iya kauce masa.

4.1.2 Da'ira da Ajizanci a Tunanin Bahaushe

Manomin fadamar Gulbin Kabi ya san juyawa tun kafin a koya masa sunanta: ruwa ya cika ya janye, damina ta ba kaka wuri, ɗari ya wuce bazara ta shigo, wata ya tsaya ya cika daren sha huɗu ya koma ya ƙanƙance. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A ɓangaren ado kuwa, da'ira ta bayyana a faifai da tambarin babbar riga, sai kuma dagi, wanda layinsa ke shiga yana fita ba a ganin farkonsa balle ƙarshensa.

A gefe ɗaya kuma Bahaushe ya ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Abin lura a nan shi ne karin maganar bai ce mutum sifiri ba ne. Ya ba shi tara, ya hana shi ɗaya. Abin da ya fi kama da wannan magana a cikin kayan maƙeran fari shi ne munduwa mai nauyi. Awarwaro rufaffe ne, zura shi ake yi. Munduwa kuwa da'ira ce da aka bar mata baki, domin in da an rufe ta ruf da ba za ta shiga ƙafa ba. Wato giɓin da ya hana ta cika shi ne ya sa ta amfanu. Da wannan ma'auni, na da'ira mai baki, za a auna ayyukan nan biyu.

4.2 Anyanwu na Ben Enwonwu

An haifi Ben Enwonwu a Onica a 1917, ya yi karatun fasaha a makarantar Slade da ke Landan, ya rasu a Legas a 1994. Ya zuba Anyanwu tsakanin 1954 da 1955 domin Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Legas, wanda aka buɗe a 1957. Ma'anar sunan a harshen Ibo ita ce idon rana.

Siffar aikin ta mace ce mai tsawon mita biyu da ɗoriya. Kanta yana ɗauke da adon murjani irin na gidan sarautar Binin, hannayenta a miƙe da mundaye. Daga ƙirji zuwa ƙasa jikin yana ta sirancewa yana lanƙwasa, har ya ƙare da ɗan tsini a inda ya kamata a ga ƙafafu. Enwonwu bai zana da'ira a fili ba. Ya ba da yanki ɗaya nata, kamar jinjirin wata, ya bar mai kallo ya cike sauran da kansa. Mai kallo ya san ranar da ta fito za ta faɗi, kuma komai nisan dare gari zai waye.

Ƙarfin aikin yana cikin motsinsa. Tagulla abu ne mai nauyi da ke neman ƙasa, amma a hannun Enwonwu ta koma kamar hayaƙin da ke tashi daga murhu da sassafe. Duk nauyin kai da kafaɗu ya taru a kan wannan ɗan tsini, ta yadda mai kallo zai ji kamar iska kaɗan ta isa ta kayar da ita. A nan ne kawai aikin ya amsa cewa tashin da yake nunawa yana da rauni.

Sai dai idan aka ɗora shi a kan ma'aunin da aka kafa a sama, za a ga giɓin da ke cikinsa shi ne rashin giɓi. Fuskar sumul take, babu tabo, babu alamar gajiya. Fitowar rana kaɗai aka nuna, ba a nuna faɗuwarta ba. Ana iya yi wa Enwonwu uzuri da lokacin da ya yi aikin, domin shekarun 1950 shekaru ne na fatan samun 'yancin kai, kuma mai jiran haihuwa ba ya zancen likkafani. Amma tarihi bai yi wa aikin wannan uzuri ba. A watan Oktoba na 1966 wakilin Nijeriya, Cif Simeon Adebo, ya miƙa kwafin Anyanwu ga Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, U Thant. A wannan shekara ce aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa a watan Janairu, aka yi juyin mulki na biyu a watan Yuli, aka zubar da jinin jama'a masu yawa, sannan yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 bai ƙare ba sai 1970. Ƙasar da ta aika da alamar wayewar gari tana cikin tsagewa a daidai wannan lokaci, kuma babu inda jikin Anyanwu ya tanadi wurin da zai ɗauki wannan labari.

Domin a ga bambancin, yana da kyau a kwatanta shi da wani tsohon zubi daga ƙasar Nufe, wadda ta kasance ƙarƙashin Gwandu a ƙarni na 19. A ƙauyen Tada da ke bakin Kwara an daɗe ana ajiye da siffar wani mutum a zaune, wadda aka zuba da jan ƙarfe kusan zalla wajen ƙarni na 13 ko na 14, tsawonta bai wuce santimita 54 ba. Mutanen ƙauyen sun kasance suna kai ta bakin kogi kowace Juma'a suna cuɗa ta da yashi, har fuskarta ta siɗe, ga kuma hannayenta sun gutsure. Mako-mako ne ya cinye ta. A jikinta juyawar kwanaki da tawayar jiki sun zama abu guda, abin da Anyanwu, duk da kyawunta, ba ta kai gare shi ba.

4.3 Ƙwallo Cikin Ƙwallo na Arnaldo Pomodoro

An haifi Arnaldo Pomodoro a Italiya a 1926, ya rasu a birnin Milan a watan Yuni na 2025. Kafin ya shahara da manyan ayyuka, shi da ƙanensa Giò sun yi sana'ar zuba kayan adon mata na zinariya da azurfa. A taƙaice, da ƙirar fari ya fara. Tun daga farkon shekarun 1960 ya shiga zuba dunƙulallun ƙwallaye na tagulla masu tsaga. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda aka kafa a farfajiyar gidan tarihin Fadar Paparoma a 1990, mai faɗin mita 4. Akwai wani a Kwalejin Trinity da ke Dublin, akwai kuma na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka ambata.

Daga nesa abin da ido ke gani shi ne cikakkiyar da'ira mai ƙyalli kamar madubi. Idan aka matso sai a ga bayan ƙwallon ya tsage ya yage, kamar ƙwaryar da ta faɗi a kan dutse. Ta cikin tsagar ana hango wani ƙaramin ƙwallo, shi ma a tsage, kewaye da jerin haƙora da sanduna masu kama da cikin injin niƙa. Wanda ya taɓa ganin azarar da gara ta ci, waje lafiya ciki rami, zai gane hoton nan take.

Dabaru uku ne suka ba aikin ƙarfi. Dabara ta farko ita ce tsaga ƙwallon ciki. In da Pomodoro ya bar shi lafiyayye, da saƙon ya zama cewa ɓawo ne kawai ya lalace, zuciya kuwa tsarkakakkiya ce, kuma wannan daɗin baki ne. Da ya tsaga shi, sai ya nuna cewa duk zurfin da aka shiga tara za a tarar. Dabara ta biyu ita ce gogewar bayan ƙwallon. Duk wanda ya tsaya gabansa zai ga kansa a ciki, a karkace, kuma hotonsa zai yanke a daidai bakin tsagar. Ta haka mai kallo ya shiga cikin aibin da ya zo kallo, bai sami damar tsayawa gefe yana nuna wani da yatsa ba. Dabara ta uku ita ce juyawa, domin an ɗora na Fadar Paparoma a kan ƙafar da ke ba shi damar juyawa idan an tura shi. Tsagar da ta ɓace wa mai kallo yanzu za ta dawo gabansa an jima, na gaba ya koma baya.

Akwai wurin da tunanin Bahaushe zai ƙara wa aikin wata ma'ana. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsaga a nan gargaɗi ce. Ƙwallon da aka ajiye a ƙofar majalisar da aka kafa a 1945 domin hana yaƙi, yana tuna wa wakilan ƙasashe cewa duniyar da suka zo ɗinkewa a yage take. Sunan da Hausa ta raɗa wa majalisar, wato ta ɗinkin duniya, ya dace da wannan aiki fiye da yadda ya dace da Anyanwu, domin ba a ɗinka abin da bai yage ba.

Duk da haka aikin bai tsira daga suka ba. Tsagar Pomodoro shiryayyiya ce. An auna ta, an tsara ta, an goge gefenta, sannan aka maimaita irinta a birane da dama. Ramin da ke jikin munduwar maƙeri wuta ce ta yi shi ba da shawararsa ba, kuma yakan jawo masa asara a kasuwa. Aibin Pomodoro kuwa shi ne abin da ake saye da tsada. Idan aibi ya zama tambarin mai sana'a, yana iya komawa ado, kuma ajizancin da aka yi wa kwalliya ya fara rasa ɗacinsa. Wannan suka tana rage wa aikin daraja, amma ba ta rushe shi ba, domin haƙoran da ke cikin ƙwallon ba su da daɗin kallo ko da an goge su.

4.4 Matsalar Sura da Makomar Zubi a Ƙasar Gwandu

Ba za a kammala wannan tarke ba sai an taɓo abin da mai karatu daga Gwandu zai fara tambaya, wato hukuncin mutum-mutumi. Gwandu mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, kuma mazhabar Malikiyya ce ake bi. Abin da ya shahara a littattafan fiƙihun mazhabar shi ne haramcin sura idan ta kasance ta abu mai rai, mai inuwa, kuma cikakkiyar gaɓoɓi. Siffar abin da ba shi da rai ba ta shiga wannan hani ba, ita kuma wadda ta rasa gaɓar da ba a rayuwa sai da ita an sassauta hukuncinta. Yanke hukunci a kan wani aiki na musamman hurumin malamai ne. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne cewa ko a nan ma da'awar cika ce ta fi jawo tuhuma, domin kamala ta Allah ce shi kaɗai.

Saboda haka Anyanwu, mai kai da fuska da ƙirjin mace, da wuya ta sami wurin tsayawa a dandalin Gwandu ko Birnin Kebbi. Ƙwallon Pomodoro ba shi da wannan matsala. Akwai ma misali a ƙasar Musulmi. A shekarun 1970 da 1980 magajin garin Jidda, Muhammad Sa'id Farsi, ya ƙawata titunan birnin da bakin tekunsa da ayyukan manyan masu fasaha na duniya, galibinsu marasa siffar mai rai, kuma akwai aikin Pomodoro a cikinsu.

Wannan ya buɗe ƙofa ga mai zubi ɗan Arewa. Tun a 1958 ɗaliban fasaha na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya a kan ra'ayin haɗa dabarun zamani da gadon gida. Gadon Bahaushe a wannan fage yana nan: dagi da tambari da faifai da munduwa. Amma akwai zaɓi a tsakaninsu. Dagi, wanda Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauka ya zama alamarta, rufaffe ne ba shi da baki. Kamar Anyanwu yake, fata yake nunawa. Munduwa ce ke ɗauke da da'ira da giɓi a jiki ɗaya. Abin takaici shi ne kayan adon masana'antu masu araha sun rage wa maƙeran fari kasuwa, tsofaffin mundaye kuma sukan ƙare a hannun 'yan gwangwan a kan farashin nauyinsu. Idan hannun da ya iya murza kaki ya ƙare, ma'aunin da aka yi amfani da shi a wannan babi zai rage a cikin karin magana kawai.

4.5 Naɗewa

A wannan babi an kafa ma'aunin tarke daga sana'ar maƙeran fari da karin maganar Hausa, aka auna ayyuka biyu na zubin tagulla da shi. An ga cewa Anyanwu ta yi fice wajen sarrafa ƙarfe da nuna motsi, amma ta tsaya a kan fitowar rana, ba ta ba ajizanci wuri ba sai a ɗan tsinin da take tsaye a kai. Ƙwallo Cikin Ƙwallo kuwa ya haɗa juyawa da tsaga, ya kuma shigar da mai kallo cikin aibin, ko da yake maimaita shi da aka yi ya kusa mayar da tsagar ado. A bisa ma'aunin tara bai cika goma ba, aikin Pomodoro ya fi kusa da munduwar Bahaushe, duk da cewa Enwonwu ne ɗan gida. Babi na gaba zai duba siffofin mundaye da zobba, da sunayen da maƙera suke kiran kowace siffa da shi.